Rasuwar Ɗan Aiken Ɗakuna Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takaicin da ya ƙi haɗiyuwa, Malam Abdulmutalib, mai cibiyar koyon kwamfuta a Karaye, yana sanar da rasuwar suwic ɗinsa, na'urar da ke haɗa kwamfutocin cibiyar, baƙin akwatin nan mai ramuka ashirin da huɗu, wanda ya cika ranar Talata bayan la'asar, yana da shekara shida a bakin aiki.

Marigayin ɗan aike ne. Ɗakunan cibiyar uku ne, kowanne da layinsa, ba mai jin maganar wani. Kwamfuta kuwa in an kunna ta ba ta tsinana komai sai an ba ta adireshi, kuma babbar kwamfutar ofis ce kaɗai ke rabawa. Shi yake ɗaukar roƙon kowacce, ya tsallaka da shi ofis, ya dawo mata da amsa. Bai taɓa kai saƙon ɗakin mata ɗakin maza ba. Bai taɓa tsayawa hira a hanya ba. Iyakar abin da aka ji daga bakinsa "fuuu" ce ta fankarsa. Malam ya ce ya ɗauki ma'aikata goma sha ɗaya, bai ga mai rabin amanarsa ba.

Ikilima, ƙanwar Malam mai gyara ofis, ita ta ga bai dace abu mai daraja ya zauna tsirara ba. Ta saƙa masa murfin ulu mai fure, irin na talabijin, ta lulluɓe shi har kafofin shan iska. Kwana tara yana zazzaɓi. "Fuuu" ta koma "kirr-kirr", sai shiru. Malam bai wanke kansa ba: da bakinsa ya yaba saƙar.

Ya bar kwamfutoci arba'in, lafiyarsu lau, babu mai adireshi. Ya bar Yusha'u, wanda ya tsara masa hanyoyin nan da ka, bai rubuta ko harafi ba, ya koma Kaduna ya sake lambar waya. Ya bar ɗalibai sittin daga Jajaye, Gwangwan da Falgore, masu zuwa gwajin jarrabawa ranar Asabar. An kawo sabo daga Kano, yana can yana ƙyafta fitila, bai san hanyar ofis ba.

Ba za a yi masa salla ba, ƙarfe ne. Za a fito da gawar Asabar da hantsi, a shimfiɗe ta kan benci a ƙofar cibiya, don duk ɗalibin da ya sauko daga babur ya gani da idonsa kafin Malam ya buɗe baki. Masu ta'aziyya su taho da lambar Yusha'u. Mai zuwa da "sai haƙuri" kaɗai ya yi zamansa a gida.