Ranar da Bargo Ya Kasa

Shekarar da wayar hannu ta shigo gidanmu a Tudun Wada, ni kaɗai ce a matan layinmu na gama ajin yaƙi da jahilci, ban kuwa bar kowa ya manta ba. Autata Rabi kullum tana maƙale da waya. In saurayinta ya yi jinkirin amsa, ko tuwo ba ta iya ci. Na ce mata, "Ke ce ba ki iya ba. Namiji da dabara ake kiransa."

Don in nuna mata, na harhaɗa wa babanta saƙo, harafi bayan harafi: "Maigida, sanyi ya yi yawa, bargo ya kasa. Na yi turare, kada ka daɗe."

Na aika, na gyara ɗauri. Abu ɗaya na manta: Malam bai iya karatun boko ba. Yana tashar Bukuru cikin 'yan uwansa direbobi, sai ya miƙa wa ƙanensa Sani wayar, ya ce, "Karanta mini da ƙarfi, ƙila gida ba lafiya."

Sani kuwa ya karanta, har da maimaici, wai na baya ba su ji ba.

Da la'asar Malam ya shigo kai a sunkuye, Sani na biye da sabon bargo a kafaɗa.

"Matar Yaya, gudummawar direbobi ce," in ji shi.

Har yau in gari ya yi sanyi, Rabi takan leƙo ɗakina: "Mama, bargon yana aiki, ko a sanar da tasha?"