Ranar da Na Huda Hancin Mawaƙi

Da aka ba ni tsara shafukan tsakiya na mujallarmu ta waƙa a Garwa, sai na baje fuskar wani mawaƙin Guider ta cinye shafi biyu.

Mai buga mana ya ce, "Malam, ɗan gusa da shi gefe."

Na ce, "Babbar fuska ke tsayar da mai saye. Kai dai buga."

Ya buga, ya ninke, ya danna ƙarafan da ke riƙe takardun. Ɗaya ya sauka a goshin mutumin, ɗaya tsakiyar hancinsa.

Mawaƙin ya zo da kansa, ya buɗe shafin a gabana. "Malam, me hancina ya yi maka?"

Har yau in na ratsa Poumpoumré, 'yan babur sai su ce, "Wanzam, yau hancin wa za a huda?"