Huhun Baba Bulus a Kan Tankin Ruwa

"Ni da kuke gani huhuna huɗu ne," in ji Baba Bulus, yana dukan ƙirji a ƙofar cocinsu da ke Barnawa. "Biyu suna aiki, biyu suna zaman ko-ta-kwana."

Mai karatu, in ba ka san Baba Bulus ba, kunnenka ya huta. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Tun da aka rufe masaƙar ya koma busa ƙaho a coci, sauran ƙarfin kuma ya zuba shi a cika baki. Ni dai ina son tsohon nan, amma sarkin kurin Barnawa ne.

Sai aka gayyaci makaɗan cocin zuwa wani bikin aure a Gembu, can saman tsaunin Mambila. Kujerar mai ƙaho ɗaya ce a motar, masu busa kuwa biyu ne, shi da wani tela shiru-shiru mai suna Emma. Fasto ya ce ranar Asabar za a gwada su, wanda ya fi dogon numfashi shi zai tafi. Gogan naka ya riga ya shaida wa duk layinsu cewa shi ne, har ya kai wa Emma ɗinkin rigar tafiya.

Scholastica, wata nas da ke cikin mawaƙa, ta ja kunnensu. Ta ce a can sama iska ba ta da kauri, oksijin ɗin da numfashi ɗaya ke kawowa bai kai na Kaduna ba. Wanda ya tashi can, huhunsa kan buɗe tun yana yaro. Baƙo kuwa haki zai yi ta yi, sai jikinsa ya ɗauki makonni yana ƙara jini kafin ya saba. Duk bayanin nan kalma biyu ce ta shiga kunnen Baba Bulus: sama da jini.

Washegari matarsa Asabe ta fito shara, ta hango mai gida a kan ƙarfen tankin ruwa, ya harɗe ƙafa, ƙaho a cinya.

"Baban Ruth, me ka hau yi?"

"Ina saba wa huhu da tsauni. Wallahi har na fara jin iskar nan ta ragu."

Ba iska ce ta ragu ba, hayaƙin mai ƙosan maƙwabta ne ya turnuƙe shi. Ya yi ta tari har da hawaye, ya ce ai huhun ne ke buɗewa.

A rana ta biyu ya ga abin ba ya sauri, sai ya naɗe hanci da baki da tawul don ya ƙara rage iskar. Jiri ya ɗebe shi, ya kai ƙafa ya shure tsani. Asabe ta dubi tsani a ƙasa, ta dubi mai gida a sama, ta ɗauki jakarta ta tafi kasuwar Kakuri. Rana ta gasa shi son ranta. Scholastica ce ta hango shi daga cikin keke napep, ta sauka ta jingina masa tsanin. Ta gaya masa sai an ɗora irin tankin nan ɗari biyu kafin a kai Mambila, kuma huhun ɗan shekara sittin ya gama girma. Ya ce hassada ce, ai kowa ya san ita 'yar garin su Emma ce.

Da sama ta ƙi, ya koma kan jini. Ya kama shan malta da madarar gwangwani sau uku a rana, tunda kowa a Kaduna ya san shi ne maganin ƙarin jini. Wani direba kuma ya ce masa mutanen tsauni wake suke ci, shi ke nan Asabe ta shiga uku da dahuwar wake. Safiyar Asabar ya ninka komai, wai kada a yi sake.

Emma ne ya fara. Ya ja sauti siriri mai daɗi, ya daɗe, ya zauna abinsa. Baba Bulus ya miƙe yana taƙama, ya nemi a yi tsit. Ya shaƙi iska, kumatu suka kumbura, jijiyar wuya ta tashi, ya danna da dukan ƙarfinsa.

Ƙaho bai ce uffan ba. Sautin ta baya ya fito, dogo, mai kauri, har da lanƙwasa a ƙarshe. Mai ganga, da yake hannunsa ya saba, sai ya rufe masa da kiɗa. Mata suka cusa fuska a littafin waƙa, kafaɗu suna rawa. Na tausaya masa ƙwarai, amma ni ma sai da na fita waje.

Fasto ya dubi silin, ya yi gyaran murya, ya ce kujera ta Emma ce. Tsohon bai saduda ba. Ya ce a duba agogo, dogon numfashi aka ce, kuma nasa ya fi na Emma daɗewa.

"Gaskiyarka, Baba, iska kam ka tara ta," in ji Scholastica, tana buɗe taga. "Sai dai ko a Gembu ta baki ake busawa."