Rasuwar Goggo Laraba, Mai Sanin Alhamza

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani tsoro da ya rasa inda zai ajiye shi, Malam Sadisu Maiturare, ma'aikacin ƙididdiga a wani ƙaramin ofishin lafiya a nan Suleja, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa, wadda aka fi sani da Goggo Laraba. Ta cika da hantsi a tsakiyar daminar bana ta 1996, tana bakin aikinta.

Ranar Laraba aka sauke ta daga Kaduna, shi ya sa sunan. Da shekarunta ta zo, wani ya riga ya more ƙuruciyarta, amma wallahi ba ta taɓa yin ƙiwa ba. Ma'aikata su zaga Iku da Maje da Diko, su rubuto yaran da ke amai da gudawa da rijiyar da suke sha. Lauratu mai bugu ta jera kowane yaro a layinsa a cikin faifan kwamfuta: suna, waƙafi, shekaru, waƙafi, unguwa, waƙafi, rijiya. A zura wa Goggo faifan, ta ce "ƙirrr, ƙit, ƙit," ta zuba komai a gurbinsa cikin furogiram ɗin lissafi, kamar mai tsince shinkafa. Da abin da ta fitar ake sanin rijiyar da za a kai wa magani.

Babban halinta na kirki, wanda Malam Sadisu bai san darajarsa ba sai da ta kwanta dama, shi ne ta san alhamza, 'yar alamar nan da ke rataye a tsakiyar Sa'adatu da Mu'azu. Romanus makanikin da ya haɗa ta shi ya koya mata cewa a wurinmu wannan harafi ce. Ya koma Legas bai bar adireshi ba, bai kuma gaya wa kowa inda ya taɓa ba.

Ciwon ajalinta da mantuwa ya fara. Kullum safiya sai ta farka tana zaton farkon 1980 ake ciki, Malam Sadisu ya tuna mata ranar a hankali, yadda ake yi wa tsohuwa. Daga nan sai tari, "ƙwas, ƙwas, ƙwas," daga can cikin ƙirjinta. An yi mata fifita, an hure mata ƙura, an canza mata waya. Ina! Rannan ta ja wani dogon "fiii" da bai taɓa ji ba, fuskarta ta yi baƙi ƙirin, shi ke nan.

Gawarta ba ta gama hucewa ba aka aiko neman rahoto, domin motar maganin rijiyoyi na shirin fita. Malam Sadisu ya ɗauki faifan ya garzaya shagon Madam Rahila a bakin tasha, inda akwai sabuwar kwamfuta fara sol. Yarinyar kwamfutar nan ta karɓi aikin kafin ƙiftawar ido, ko gyaran murya ba ta yi ba. Ya sa hannu, direba ya tafi da rahoto.

Ashe ita baƙuwar, in ta ga alhamza, zato take an buɗe baka za a kawo maganar wani. Sai ta yi ta haɗiye duk abin da ya biyo baya, har sai ta sake ganin wata alhamzar. Ta buɗe baki a kan Sa'adatu, yarinyar ƙarshe a Iku, ba ta rufe ba sai a kan Mu'azu, yaron farko a Diko. Maje kaf tana tsakani. Rahoton ya ce lafiya lau ake a Maje.

Bai farga ba sai da ƙanwarsa Ummukulsum ta shigo ofis daga Maje, goye da ɗanta Munir, idanun yaron sun zurma. Ta ce motar magani ta wuce su da gudu ko tsayawa ba ta yi ba, ko laifi suka yi? Ya koma shagon Rahila. Can ya tsinci sunan Munir a cikin sunan Sa'adatu, shi da duk yaran garinsu, an cusa su a gurbi guda. Ya aika da gyara sama, aka ce magani ya ƙare, a jira zagaye na gaba. Ga ruwa kullum sai ya sauka, yana wanke bola yana kaiwa rijiya.

Marigayiyar ta bar firinta mai ƙarar injin niƙa, da allon bugu da haruffansa suka goge, da kwalin faifai, da iyalan kyankyasan da suka girma a cikinta. Ta kuma bar Malam Sadisu.

Za a lulluɓe ta da ledarta ranar Juma'a bayan la'asar, a kai ta makwancinta a saman kabad ɗin sito. Duk wanda ya san inda Romanus yake, don Allah ya isar masa. Mutanen Maje da ke da niyyar halarta, su tafasa ruwansu tukuna.

Ba za a yi zaman makoki a ofis ba. Tabarmi da bencinan da aka tanada an ba da aronsu Maje tun da safe, sun kuma aiko cewa kada a sa ran dawowarsu a makon nan. Mai son yi wa Malam Sadisu gaisuwa ya same shi can, a ƙofar gidan Ummukulsum.