Yadda Za Ka Buga Sunan Surukinka Ba Tare Da Ka Rubuta Shi Ba

Kai mai kunya, kakarka ta yanke saƙa! Dabarar nan ba ta taɓa ƙin aiki ba. Safiyanu mai shagon kwamfuta a Haɗeja ya gwada ta ranar da surukinsa, Alhaji Hamman na Birniwa, ya ba shi aikin katin bikin ɗansa.

1. Riƙe kunyarka

Ɗan mutunci ba ya kama sunan suruki. Shekara shida Safiyanu na cewa "Baba", ko "su na Birniwa". Abin da baki bai faɗa ba kuwa, yatsa ba shi da hurumin bugawa.

2. Nemo inda wani ya riga ya rubuta

Zulfa, matar Safiyanu, tana riƙe wa mahaifinta lissafin garkensa a kwamfuta, cikin fayil nau'in XML, don allurar rigakafi: sunan mai shanu a sama, na shanu a ƙasa. Shi ke nan, faɗuwa ta zo daidai da zama.

3. Aiki ɗan aike

A cikin XSLT, wato umarnin kwamfutar da ke tsara katin, rubuta document('garke.xml'), ka umarce shi ya ɗauko sunan farko da ya tarar. Umarnin nan ɗan aike ne marar kunya: ya shiga fayil ɗin wani, ya ɗauko, ya ajiye. Safiyanu ya gwada, ya kau da kai, maƙwabcinsa ya duba ya ce suna ya fito. Har rawa ya taka a shago.

4. Kada ka sake dubawa

Karanta sunan suruki ma ai rashin ta-ido ne. Ko da Zulfa ta ce Baba ya sayo sabon bijimi, ta kuma sa shi a saman fayil saboda girmansa, ce mata "Allah ya sa albarka", ka danna firinta. Kati ɗari biyar. Raba su har garin Malam Madori.

5. Halarci ɗaurin aure

Alhaji ya ɗaga katin a gaban dattawa, ya karanta a nutse: "Iyalan Mai Tozo na farin cikin gayyatarku." Liman ya dafe ciki don dariya.

"Safiyanu," in ji Alhaji, "Mai Tozo na can fadamar Baturiya yana kiwo, bai samu zuwa ba. Tashi ka gaya wa jama'a ɗan wa ake wa aure. Ga lasifika."

Tausayin Safiyanu ya kama ni ƙwarai. Ya miƙe, gumi har haɓa, ya faɗi sunan surukinsa. Alhaji ya ce na baya ba su ji ba.

Hattara

Ni dabara na koyar, ban ce a ɗaura ta a kan garken kowa ba. Wanda aka miƙa wa lasifika kada ya neme ni, sunan nawa surukin ma a fayil ɗin awaki yake.