Ranar da Kan Jirgin Japan Ya Yi Mini Tonon Silili

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata a Paris ba, ko da kuwa zan so in manta.

Ni 'yar Maradi ce, ina karatun injiniya a Lyon. A shekarar ƙarshe dole kowa ya samu sitaj, wato aikin koyo a wata ma'aikata, in ba haka ba babu digiri, ni kuma babu sabunta takardar zama. Wurare da dama sun ƙi ni. Saura ɗaya a Saint-Denis, gefen Paris, inda ake adana tarihin jiragen ƙasa. Suka ce in zo in yi bayanin minti goma a kan tsohon kan jirgin lantarkin da aka ƙera a Jamus aka kai Japan, don ya riƙa hawa wani tsauni mai tsananin gangara.

Matsalata ita ce kaina ba ya riƙe abin da babu soyayya a cikinsa. (Littattafan da ake kawowa daga Kano ne suka rene ni, a ƙarƙashin littafin lissafi nake ɓoye su.) Sai na yi dabarar da na saba: na mayar da darasin labarin soyayya, na karanta shi da muryar masu karanta littafi a rediyo, na naɗa a salula. Kan jirgin ya zama saurayi, tsaunin ya zama budurwa. Tun daga Lyon har Paris shi nake saurara.

Mutum biyu na tarar a ɗakin. Akwai Madam, Bafaranshiya mai furfura, shugabar sashen. Gefenta kuma wani dattijo da kwat, wanda ya dubi sunana a takarda ya ɗago.

"'Yata, daga ina?"

"Maradi, Baba."

"Ni Damagaram. Ina gida? To, bismilla."

Alhaji Mutari ke nan, injiniyansu na shekara da shekaru.

Na fara, muryata kamar ta ɗan akuya. Na gaya musu yadda jiragen gawayi ke cika ramukan da suke ratsawa a cikin tsaunin da hayaƙi har direbobi su galabaita. Daga nan na ce zan sa musu ƙarar injin lantarki irin na dā su ji. Na haɗa salula da lasifika, na danna ban ko duba ba, na taka zuwa allo cikin isa.

Sai ga muryata ta cika ɗakin, a narke, har da jan numfashi:

"Ya ke ma'abociyar tsayi, sanyin idaniyata! Na keto teku tun daga Jamus dominki. Ba zan shaƙe ki da hayaƙi ba kamar wancan baƙin mugu mai cin gawayi..."

Na daskare. Salular tana can ƙarshen tebur, tsakanin Madam da Alhaji, ƙafata kuma ta ƙi ɗaguwa. Ni dai na ga takardar zamata tana tashi sama, na ga kaina a tashar mota ta Maradi da akwati, Inna tana tambayar ina digirin.

"...Ko za ki ture ni, na zo da haƙora, zan riƙe ki gam!"

Alhaji ya sa hannu ya kashe. Ya cire tabarau ya goge, ya sake gogewa.

Madam ta ce masa da Faransanci, "Mutari, me ta ce?"

Na roƙe shi da ido. Na ce a raina ai ɗan ƙasarmu ne, zai rufa mini asiri ya ce addu'a ce. Ina! Bawan Allah nan ya gyara murya ya fassara tsaf, har da "sanyin idaniyata", har da dafe ƙirji.

Madam ba ta yi dariya ba, abin da ya fi kashe ni ke nan. Ta ce, "Me ya sa saurayin yake da haƙora?"

Tunda babu sauran abin da zan rasa, sai bakina ya buɗe. Na ce gangarar ta yi yawa, ƙafar jirgi ta ƙarfe zalla za ta zame, shi ya sa aka shimfiɗa layi mai haƙora a tsakiyar dogo, kan jirgin kuma yana da wili mai haƙora da ke cizonsa yana hawa. Ta sake tambaya, na ba da amsa. Duk abin da na cusa wa masoyan nan biyu ya fito ɗaya bayan ɗaya.

A bakin ƙofa Alhaji ya ce, "'Yata, to sun yi aure?"

"Baba, don Allah..."

"Ki zo ran Litinin ki ƙarasa mana."

Na samu sitaj ɗin. Wata shida na yi a can, ba a kira ni da sunana ko sau ɗaya ba. Har Faransawan da ba su iya "sannu" ba sun iya cewa "sanyin idaniyata".

Har yau da soyayya nake haddace karatu, ban tuba ba. Abin da na koya kawai shi ne, idan na ga dattijon ƙasarmu a wurin neman aiki, in daina tsammanin zai yi ƙarya domina. Salula kuma a jaka take kwana.