Mudir Ya Yi Wa Jirgi Yayyafi

Duk wanda ya ce ƙauyukan Kamlin da ke yankin Jazira ba su haifi babban mutum ba, to bai taɓa ganin Abdulmuttalib tsaye a bakin filin jirgi ba. Filin dai ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya a gefen gonakin auduga, inda jirgin feshi ke sauka ya sha magani ya tashi. Kamfanin feshi ya ɗauke shi gafir, wato mai gadi da korar awaki. Shi kuwa, da yake Allah ya yi shi mai hangen nesa, sai ya yi wa kansa ƙarin girma, ya zama Mudir, wato shugaban fili.

Ya sayi hular kaftin a kasuwa, da baƙin tabarau, da usur. Bai taɓa leƙa cikin jirgi ba, amma a wurin mai shayi kullum da "mu mutanen sama" yake buɗe baki. Gonar ubansa ma ya daina takawa, wai laka ba ta dace da takalminsa ba. Abu ɗaya ke ci masa rai: duk garin ba wanda ya yarda ya kira shi Mudir. Yara na ce masa Sarkin Awaki, dattawa na ce masa Audi na Fili. Abin yana hana shi barci, bawan Allah.

Ana nan sai tsutsa ta faɗa wa auduga. Aka aiko cewa mufattish, wato sufeton kamfani, zai zo a ƙaramin jirgi ya duba filin kafin a soma feshi. Abdulmuttalib ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In mufattish ya ga aikinsa ya kira shi Mudir a gaban jama'a, sai a ga mai sauran bakin magana.

Ya busa usur ya tara gari. "Ya jama'a, baƙo in za shi zo gidanka, mi kaka yi? Shara kaka yi, ka yi yayyafi. To wanga baƙo daga sama shika zuwa. Ba a hilina za a ce ƙura ta taɓa jallabiyar mufattish ba."

Mata suka fito da bokitai. Ya dube su ya girgiza kai, ya ce yayyafin bokiti na talaka ne. Ya sa aka fasa bakin magudanar da ke shayar da gonaki, ruwa ya kwana yana bin fili. Manoma suka tsaya suna kallon juna. Ko jaki ya san baƙar ƙasar Jazira in ta sha ruwa ba ta sakin ƙafa. Amma wa zai ja da mai hula a kan ilimin jirgi? Wataƙila na sama daban ne.

Da hantsi rana ta busar da saman ƙasa, fili ya yi sumul gwanin sha'awa. Jirgi ya ɓullo. Abdulmuttalib ya ƙame, ya sara, ƙirjinsa kamar zai fasa riga. Tayoyi suka taɓa ƙasa, ƙasa ta ce sannu da zuwa, ta riƙe. Jirgi ya kafa hanci a laka, ya ɗaga wutsiya sama kamar kaza mai tsintar hatsi.

Allah ya kiyaye, matuƙi da mufattish suka rarrafo da ransu. Kuma a faɗi gaskiya, Abdulmuttalib ya cika alkawari: ko ƙwayar ƙura ba ta taɓa baƙon ba. Laka ce dai tun daga takalmi har gemu.

Mufattish ya tofar da ta bakinsa, ya tambaya da Larabci wa ke da alhakin filin nan.

Hular kaftin tuni ta koma hammata. "Ya ustaz," in ji Abdulmuttalib da 'yar murya, "ni gafir ne miskini. Awaki kawai nika kora."

 Kowa na tuna audugarsa da tsutsa za ta ci gaba da ci, tun da babu jirgin da zai sauka a wannan kwaɓi. Sai Malam Bilyamin, dattijon gari, ya gyara murya cikin ladabi.

"Haba, tawali'un ya yi yawa. Ya ustaz, wanga shi na Mudir."

"Shi na Mudir," in ji maza. "Wallahi Mudir," in ji mata. Har yara suka amsa, babu mai ko murmushi.

Da 'yan sanda suka zo, da wannan sunan suka tafi da shi.